Shekara 14 da baftisma amma har yanzu ina ƙaryar tela, anya na san Allah kuwa?

Tela_Bayan_Kasuwa:

Salama a gare ku 'yan'uwa. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, abin ya daɗe yana cina a rai kuma na kasa faɗa wa kowa a majami'armu saboda kowa ya sanni, rabinsu ma ni nake musu ɗinki.

Ni tela ne, ina da shago da keke huɗu da yara uku masu koyon aiki. Shekara 14 kenan da yi min baftisma, ina cikin ƙungiyar mawaƙa, wani lokacin in mai jagoran addu'ar safe ya makara ni ake cewa in buɗe. Wanda ya ganni ran Lahadi cikin farar shadda zai ce wannan ai ya gama da duniya. Toh ga abinda ke ƙasa.

A watan Disamba zumuntar mata suka kawo min yunifom ɗinsu guda 26, ga kuma kayan Kirsimeti na mutane sun riga sun cika min tebur. Na sani sarai ba zan iya gamawa ba, tun kafin in karɓa zuciyata ta faɗa min, amma kuɗin hayar shago na jirana a Janairu ga kuɗin makarantar yara, sai na karɓi kafin alƙalami nace su dawo nan da sati biyu. Sau uku shugabar mata tana zuwa, sau uku ina ce mata Mama ai an yanka saura haɗawa, ki dawo jibi. Alhali atamfar na nan cikin ledarta a ƙarƙashin tebur ko alli ban ɗora mata ba. Zuwa na huɗu da na hango ta sai na shige bayan labule na ce wa ƙaramin yarona ya ce mata oga ya tafi sayo zare. Yaron nan kuwa ni na fara kai shi coci da hannuna.

Ana saura kwana biyu taronsu muna aikin dare da janareta, wajen ƙarfe biyu, barci ya ɗauki yaron yana guga ya ƙona hannun riga ɗaya. Ban san lokacin da na ɗauke shi da mari ba, na zage shi tas a gaban sauran, na ce masa abinda ba zan iya rubutawa a nan ba. Bai yi kuka ba, kawai ya dafe kunci yace oga ka yi haƙuri.

Ran Lahadin da aka yi jibin Ubangiji fasto ya karanta wurin nan da ke cewa kowa ya gwada kansa kafin ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Da faranti ya iso kaina sai na miƙa wa na kusa da ni. Matata ta kalle ni, na kawar da kai. Da dare na buɗe 1 Yahaya 2:4, wai wanda yace ya san shi amma ba ya kiyaye umarninsa maƙaryaci ne, gaskiya ba ta cikinsa. Tun ranar ban samu natsuwa ba.

Abinda ya fi damuna ba wannan karon kaɗai bane. Duk Kirsimeti haka, duk Ista haka, da Sallah ma haka nake wa maƙwabtana Musulmi, in tuba in yi kuka in ce na daina, shekara ta zagayo in koma ruwa. Farkon tubana in na durƙusa ji nake kamar Ubangiji na ɗakin tare da ni, yanzu kuwa addu'a kamar ina magana cikin tulu. Shin mutum irina ya taɓa sanin Allah kuwa, ko dai waƙoƙi na haddace kawai? In na san shi me ya sa ban canza ba? Dan Allah kar a lallashe ni, a faɗa min gaskiya.

Ƙunƙuntar_Hanya:

Tunda kace kar a lallashe ka ba zan lallashe ka ba ɗan'uwa. Na san yanzu za a zo a cika ka da wai ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Wannan karin maganar Hausa ce, ba aya bace, duba daga Farawa har Wahayin Yahaya ba za ka same ta ba. Abinda za ka samu shine Ibraniyawa 12:14, in ba tare da tsarki ba babu wanda zai ga Ubangiji. Ka kuma karanta Wahayin Yahaya 21:8 ka ga jerin waɗanda aka lissafa, maƙaryata suna ciki tare da masu kisankai da matsafa, ba a ware wani layi daban aka ce banda teloli ba. Hananiya da Safiratu me suka yi? Gona suka sayar, tasu ce ma, baiko suka kawo, ƙarya ɗaya ce akan kuɗin aka fitar da su a kafaɗa.

Matsalarmu a yanzu mun maida alheri bargo, kowa ya ja ya rufe ƙazantarsa. Ka ce kana kuka duk shekara, toh kukan me ya gyara? Akwai bambanci tsakanin nadama da tuba. Yahuza da ya ci amanar Yesu ma ya yi nadama har kuɗin ya mayar. Zakka mai karɓar haraji da Yesu ya shiga gidansa ba kuka ya tsaya yi ba, tashi yayi yace wanda na cuta zan mayar masa ninki huɗu, rabin dukiyata kuma na talakawa ne, a nan ne Yesu yace yau ceto ya shigo gidan nan.

Ni ban isa in ce ka san Allah ko baka san shi ba, wannan tsakaninku ne. Amma tambaya ɗaya zan maka, daga ranar da ka mari yaron nan zuwa yau da kake rubutu, ka kira shi ka nemi gafararsa? Ka je ka gaya wa matar nan cewa ƙarya ka mata sau huɗu? In baka yi ba toh mu ka zo wa da hawayen da ya kamata ka kai musu. Ƙin cin jibi da kayi daidai ne, amma kar ka ɗauka tawali'u ne in ka zauna a haka shekara da shekaru, Matiyu 5:24 cewa yayi ka bar baikon a gaban bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka ka DAWO. Har da dawowar aka umarta.

Maman_Zumunta_Ta_Biyu:

Kai ɗana, sai da na yi dariya kafin na yi hawaye, wato jibin da kake ce wa kwastoma shi ya hana ka cin jibi. Ba ni bace shugabar matan taku kar gabanka ya faɗi, amma na sha zaryar shagon tela har takalmina ya san hanya, kuma bari in gaya maka wani abu, mun sani. Duk lokacin da tela yace an yanka saura haɗawa mun san ba a yanka ba. Matar nan ba yarinya bace, wataƙila ma ta hango ƙafarka a ƙasan labulen.

Ɗan'uwanmu na sama ya faɗi gaskiya sai dai ya faɗe ta da sanda. Ni bari in baka nawa. Shekara shida na yi ba na magana da facalata, matar ƙanin mijina, gida ɗaya muke tsakar gida ɗaya rijiya ɗaya. Akan me? Akan maganar da ta faɗa ranar sunan ɗana na uku, wadda yanzu in ka ce in maimaita ta daidai ma ba zan iya ba. A cikin shekara shidan nan ni ce mai jagoran addu'a a zumunta, ni ke buga tulu in ana waƙa, mu fita wa'azi ƙauye in tsaya in gaya wa mata su yafe wa juna, in dawo gida in wuce ta a bakin murhu kamar kututture. Kuma wallahi, Allah ya gafarta min rantsuwa, a lokacin ban taɓa jin abinda kake ji ba. Ina cin jibi hankali kwance. Barcina nake har da minshari. A ganina ita ce mai laifi ni kuma ina haƙuri da ita.

Sai wata rana da asuba muna addu'ar gida da yara, muka zo wurin ka gafarta mana laifofinmu kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, bakina ya kasa ƙarasawa. Addu'ar da nake yi tun ina 'yar makarantar Lahadi. Kawai sai na ji kamar ina roƙon Allah ya yi min yadda nake wa matar nan, ya wuce ni a bakin murhu shekara shida. Tsoro ya kama ni. Ranar ce na fara ganin kaina, kuma in ka tambaye ni yaushe na fara sanin Allah da gaske zan ce maka ranar ce, ba ranar da aka tsoma ni a rafi ba.

Shi yasa da kace wai ko baka taɓa saninsa ba sai na ce a raina yaron nan bai gane ba. Wanene ya hana hannunka ɗaukar gurasar? Wa ya hana ka barci? Gawa ba ta jin tsinken allura ɗana. Ni da na yi shekara shida ba na jin komai ni ce abin tsoro.

Amma fa kar ka ji daɗin maganata ka koma ka kwanta. Ni sai da na ɗauki kwanon tuwo da kaina na shiga ɗakinta na durƙusa, ni da na girme ta da kusan shekara goma. Bata karɓe ni da murna ba, cewa tayi toh na ji, sai bayan wata biyu ta fara aiko min yaranta. Har yau in ta yi wani abin sai in ji tsohon halin ya taso min har wuya, sai in shiga ɗaki in ce Yesu ga ta nan kuma ta dawo, ba facalar ba, zuciyar tawa.

Ka nemi yaron nan tun kafin ya gama yanke hukunci akan irin Allahn da ogansa ke bauta wa.

Malamin_Ajin_Baftisma:

Salama. Na daɗe ina koyar da ajin baftisma a ikilisiyarmu kuma tambayar nan na zuwa min, sai dai ba daga sababbin tuba ba, su suna cikin zumuɗi. Daga waɗanda suka shekara goma ko ashirin take zuwa. Zan ɗan yi tsawo a yi haƙuri.

Fara da wasiƙar da ta tsorata ka. Wannan 1 Yahayan da ta ce wanda ba ya kiyaye umarni maƙaryaci ne, koma baya kaɗan zuwa 1:8, ita ce ta ce in mun ce ba mu da zunubi ruɗin kanmu muke gaskiya kuma ba ta cikinmu. Lura, "mu" yace, ya sa kansa ciki, manzo ne kuma dattijo. Sai 2:1 yace na rubuto muku don kada ku yi zunubi, in kuwa wani ya yi muna da mai tsaya mana a gaban Uba. Ayoyin nan tsakaninsu da 2:4 bai kai tafin hannu ba a shafi. Mutum ɗaya ya rubuta su a wasiƙa ɗaya, kenan shi bai ga sun ci karo ba. Maƙaryata iri biyu yake nunawa, mai cewa na san shi amma ko a jikinsa da umarnin, da mai cewa ni ba ni da laifi. Wanda ya miƙa faranti gaba don kunyar Ubangiji ban ga ya shiga ko ɗaya ba.

Sannan ka dubi abinda ke faruwa da mutane a Littafi Mai Tsarki in suka matso kusa da Allah. Ishaya annabi ne, amma a sura 6 da ya ga Ubangiji a kan kursiyi yace kaitona na lalace, ni mai ƙazamin baki ne. Baki fa, irin taka matsalar. Bitrus ya kwana yana jefa taru bai kama komai ba, da ya ga kifi ya cika jirgi biyu har suna neman nutsewa bai yi tsalle ba, faɗuwa yayi a gwiwar Yesu yace rabu da ni ya Ubangiji ni mai zunubi ne, Luka 5:8. Bulus kuwa a 1 Korantiyawa 15:9 yace shine mafi ƙanƙanta cikin manzanni, a Afisawa 3:8 ya sauko yace ya gaza mafi ƙanƙanta cikin tsarkaka duka, a 1 Timoti 1:15 yace cikin masu zunubi shine na gaba. Ba lalacewa yake ƙara yi ba.

Kai tela ne ka fi ni sanin wannan. Sabon yaro in ya haɗa riga ya kawo maka yana washe baki, a idonsa ta yi. Kai kuma me kake fara yi? Juya ta kake ta ciki, ka ga kalmasa ta karkace, zare ya tattare a hammata, wuya ɗaya ya fi ɗaya. Rigar bata canza ba tsakanin hannunsa da naka, ido ne ya bambanta, kuma shekaru a kan keke suka baka idon. Shekara 14 da suka wuce kana ƙaryar nan kana kiranta dabarar sana'a, yau ka kira ta da sunanta. A ina ka samo idon?

Gardamar nan kuma ba yau aka fara ta ba, kuma a nahiyarmu aka fi zafafa ta. Agustin bishop ne a Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya rasu a 430. Shi da bakinsa ya ba da labarin yadda yana saurayi yake roƙon Allah ya ba shi kamun kai amma ba yanzu ba. A zamaninsa wani malami Pelagiyus ya koyar cewa mutum in ya dage da nufinsa zai iya zama ba zunubi. Bishop bishop suka taru a Kartej, kusa da Tunis ta yau, a 418 suka ƙi koyarwar, kuma cikin hujjojinsu akwai 1 Yahaya 1:8 ɗin nan da addu'ar Ubangiji da Mama ta ambata, suka ce tsarkaka in suna cewa ka gafarta mana, don kansu suke faɗa da gaske ba don nuna tawali'u ba. Martin Luta lokacin yana zaman sufi a Jamus yakan daɗe yana furta zunubansa wani lokaci har awa shida, ya fito ya tuna wani ya koma, har ya gaji da furcin ya gaji da Allah, sai daga baya a wasiƙar Romawa ya gane adalcin da ake nema a wurinsa kyauta ake bayarwa. Daga nan maganarsa ta fito cewa mai bi barataccen ne, wato Allah ya karɓe shi a matsayin mai adalci, kuma mai zunubi ne a lokaci guda.

Wanda ya fi bani tsoro da ƙarfafawa a haɗe shine John Newton, Baturen Ingila da yayi fataucin bayi a gaɓar Saliyo. A 1748 hadari ya kusa nutsar da jirginsu ya kira sunan Allah, kuma yana ƙirga ranar a matsayin mafarin juyowarsa. Amma bai bar safarar ba sai 1754, shi ma ciwo ne ya sauke shi daga jirgi, yana kyaftin yana karanta Littafi a sama mutanenmu na ɗaure da sarƙa a ƙasa. Sai 1788 ya fito a rubuce ya la'anci cinikin ya ce abin kunya ne gare shi. Shekara 40 daga hadarin. Ban kawo shi don in wanke shi ba, waɗanda ke cikin jirgin ba su da shekara 40 na jira. Na kawo shi ne don ka ga mutum na iya fara sanin Allah da gaske alhali wani katon ɗaki a zuciyarsa na kulle, kuma kullewar tana cin wasu mutane.

Game da addu'a da kace kamar cikin tulu, abu biyu ne. Wani lokaci bushewa ce kawai da ke zuwa wa kowa, Zabura cike take da har yaushe ya Ubangiji. Wani lokaci kuma Zabura 32 ce, Dauda yace da na yi shiru ƙasusuwana suka lalace. Ni a labarinka na fi zargin ta biyun. A nan ni da Ƙunƙuntar_Hanya bakinmu ɗaya.

Mai_Surfani:

Abokin sana'a sannu. Ni ba malami bane amma na taɓa zama a bayan wannan labulen, nawa ma ƙarƙashin tebur ne. Abinda ya taimake ni ba azumi bane gaskiya, littafi ne na naira ɗari biyu. Na zauna na ƙirga kaya nawa shagona ke iya fitarwa a sati in akwai wuta da in babu, na ɗauki na in babu na rubuta a bangon littafin. Oda ta kai wannan adadin na rufe, ko uwata ce ta zo. Ƙaryar tela ba ranar da kwastoma ya dawo ake yinta ba, ranar karɓar kafin alƙalami ake yinta, sauran duk 'ya'yanta ne. Kuma ka daina cin kuɗin aikin da baka fara ba, shi ke ɗaure ka. Shekarar farko na rasa kuɗi ba kaɗan ba ba zan ɓoye maka ba, na tura wa maƙwabcina aiki ina kallo yana ƙirga kuɗina.

Ƙunƙuntar_Hanya:

Malam na karanta, na kuma ƙaru, amma ina da ja. Duk misalan nan naka haɗarinsu shine mai son zuciya zai ɗauka yace toh ai Bitrus ma ya yi musun sanin Yesu, Newton ma ya shekara 40, bari in ci gaba. Bitrus ɗin da yayi musu kafin Fentikos ne, bayan Ruhu Mai Tsarki ya sauko ai wani mutum ya zama. Kuma Yesu da kansa a Matiyu 5:48 yace ku zama cikakku kamar yadda Ubanku na sama yake cikakke. Zai umarce mu da abinda ba zai yiwu ba? John Wesley, mai wa'azin nan na Ingila, ma ai ya koyar da cewa mai bi na iya kaiwa ga kammala tun a duniya. Ni tsorona kar mu saukar da ma'auni don mu ji daɗi.

Malamin_Ajin_Baftisma:

Tsoronka na kan hanya ɗan'uwa, Bulus ma ya hango masu wannan tunanin a Romawa 6:1 ya ce musu sam. Amma buɗe Galatiyawa 2:11 zuwa 14. A Antakiya ne, shekaru bayan Fentikos, Bitrus na cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, da baƙi suka zo daga wurin Yakubu sai ya janye don tsoron bakin mutane, har Barnaba ya bi shi, Bulus ya tsaya masa a gaban kowa ya kira abin munafunci. Tsohon ciwon ne na tsakar gidan babban firist inda yayi musun Yesu, tsoron ido. Ruhu ya cika shi, dubu uku sun tuba a wa'azinsa, ciwon bai gama warkewa ba. Bambancinsa da Yahuza ba girman laifi bane, inda kowa ya nufa da laifinsa ne.

Matiyu 5:48 kuma ka karanta daga aya 43, maganar ƙaunar maƙiyi ce, Allah mai sa rana ta fito wa mugu da nagari. Luka da ya kawo wannan koyarwar a 6:36 cewa yayi ku zama masu jinƙai kamar Ubanku. Wesley da ka ambata kammalar ƙauna yake nufi, ya ce bata hana kuskure ko rashin sani, kuma shi kansa ya rubuta cewa bai kai ga siffar da yake zanawa ba. Ban saukar da ma'auni ba, Filibiyawa 3:12 nake riƙe da ita, ban riga na samu ba ban kuma kammala ba amma ina nacewa. Mu bar ɗan'uwanmu ya je ya yi abinda duk muka yarda a kai.

Tela_Bayan_Kasuwa:

Na gode muku duka, har da mai sandar. Na yi shiru kwana tara ne saboda kunyar in dawo ban yi komai ba.

Yaron na fara nema. Na so in kira shi gefe mu biyu, sai na tuna a gaban sauran na mare shi, toh na bari sai da suka hallara da safe na kashe rediyo. Na shirya magana mai tsawo tun dare amma da na buɗe baki abinda ya fito kawai shine na zalunce ka, marin da zagin duk ban kyauta ba, kuma sa ka ƙarya da na yi ya fi marin muni, ka yafe min. Shagon yayi tsit. Babban cikinsu ya sunkuyar da kai yana wasa da almakashi. Shi kuma yaron sai ya rikice yana ta cewa a'a oga ni na ƙona riga, ni na ƙona riga. Nace rigar daban wannan daban. Bai ce ya yafe ba bai ce bai yafe ba, ya koma kan gugarsa. Har yanzu in na miƙa hannu zan ɗauki tef a kusa da shi sai in ga ya ɗan kauce, wannan kaucewar tana min ciwo fiye da duk abinda aka rubuta a nan.

Shugabar mata kuwa Mama kin faɗi daidai. Na je gidanta da yamma na tarar tana tankaɗe, na gaya mata komai. Ta bari na gama tace ɗana ai silifas ɗinka na gani a bakin labulen, na tafi ne don kar in kunyata ka a gaban yaranka. Tace ta sa ni a addu'a tun ranar, amma kuma ta gaya min a fili yunifom na gaba ba ni za su ba ba, mata sun riga sun yanke. Na ji zafi, guda 26 ba wasa ba, a hanyar dawowa har na fara ƙulla yadda zan kare kaina a wurin sauran matan kafin na kama kaina.

Mai_Surfani na sayi littafin. Ga abin kunyar kuma, ran Talata wani ya kawo yadi yana tambaya yaushe, kafin in buɗe littafin bakina ya riga yace jibi. Shi kaɗai ya fita kamar atishawa. Har ya hau mashin ya tafi. Na zauna ina kallon lambarsa a waya kusan minti ashirin kafin na kira nace malam ka yi haƙuri ba jibi bane, sai ran Laraba ta sama, in bai maka ba ka zo ka karɓi yadinka. Yayi dariya yace yau ga tela ya kira da kansa, ya bar kayan.

Addu'a har yanzu ba ta koma kamar da ba, ba zan muku ƙarya ba tunda ita nake gudu. Sai dai jiya da na durƙusa na samu abin faɗa, na jera masa su ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ban ji komai a jiki ba amma na yi barci. Malam maganar juya riga ta ciki ta zauna min. Jibi na gaba Lahadin farkon wata ne, ina tunanin in ga fasto kafin nan, in akwai wanda ya taɓa zuwa da irin wannan ya gaya min ko zai kai ga horo. Bari in tashi an kawo wuta.